Allin Bayan Ƙofa

"Sake karanta min baiti na ukun," in ji Baba Tobiya. "A hankali, ba kamar mai kiran fasinja ba."

Na matsa kusa da ƙofar na karanta. Yana kwance yana buga ƙarfen gado da yatsu biyu, sai ya tsaya.

"Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Kujera in ta yi haka, mai zama zai faɗi. Goge."

Na goge da tafin hannu.

Baba Tobiya maƙwabcinmu ne a Yelwa, katanga ce ta raba mu. Tsohon kafinta ne. Bai taɓa yin waƙa ba sai da ya haura saba'in, bayan rasuwar matarsa, Mama Dokas. So yake ya yi mata baiti bakwai, 'yarsu Judith ta karanta a coci ranar cika shekara. Ni keke nake tuƙawa, a aji huɗu na bar firamare, amma tunda hannunsa ya fara rawa ni nake riƙe masa alli.

A bayan ƙofar ɗakinsa muke rubutu. Na taɓa kawo littafi, ya ƙi.

"Shekara arba'in ban sa zarto a katako ba sai na ja layi da alli. Biro zarto ne, Maliki. In ya yanka, ya yanka."

Daga ni har shi babu wanda ya san ƙa'ida. Bugun gadon nan ne malaminmu. Wani layin sai mu yi mako a kansa.

Ranar Talata muka gama na shida. Numfashinsa ya yi nauyi, ƙafafun sun kumbura.

"Gobe ka zo da bironka, ka kwafe," ya ce. "Na bakwan ba zai same ni ba."

"Haba Baba, saurin me? Bari ya cika tukuna."

Laraba na yini jigilar doya a Mayo Gwoi, ban leƙa ba. Alhamis da hantsi ya cika.

Aka kai gawa asibiti, mu maza muka shiga kafa rumfa da jera benci. Matan zumunta na cocinsu suka zo da bokitai, don a al'adarsu sai sun wanke ɗakin mamaci kafin masu gaisuwa su taru. Ban tuna da rubutun ƙofar ba sai da na ga ruwa fari yana gangarowa tsakar gida.

Na tarar da ɗaya daga cikinsu, Mama Joan, da soso a hannu, ta riga ta wanke bayan ƙofar.

"Sannu Maliki. Ka ga yaran gidan nan? Sun ɓata ƙofa da alli, ko tausayin tsoho babu."

Na juya na koma wurin rumfa.

Da yamma Judith ta iso daga Yola. Bayan ta yi kukanta ta neme ni.

"Baba ya ce min a waya yana haɗa wa Mama wani abu. Wai yana wurinka."

Na rufe ido na nemi kalmomin. Bugun yatsun kawai nake ji.

Na kai ta ɗakin, na tura ƙofar. Can sama, inda hannun Mama Joan bai kai ba, layin farko yana nan da karkataccen rubutuna: "Dokas, ruwan da kika ɗora mini ya huce."

Judith ta jawo kujerar da uban ya ƙera, ta hau. Ƙasa da layin, katakon bai gama bushewa ba.