Inuwar Tsallaken Titi

Ni na riga kowa gani. Ranar da matsami ya suɓuce wa Haladu ya nutse cikin mai, ina zaune ƙofar masallaci, na ce a raina mutumin nan ba zai ga wani Hajji ba. Ban taɓa zama aji ba, amma wanda ya tako ƙasar nan ta Saudiyya ta hanyar Sudan, ya tsallake kame sau huɗu, ba a koya masa kallon mutum.

Haladu maƙwabcina ne a unguwar Nuzla, cikin Jidda. A bayan wata tsohuwar mota buɗaɗɗiya yake suyar ƙosai, bakin titin da ya raba unguwarmu da ta gaba. Takardar izininsa ta baladiyyar ɓangarenmu ce, wato ƙaramar hukuma. Tsallaken titi kuwa hannun wani ofishin yake, da nasa sharuɗɗan. Gefen Haladu rana ce tun hantsi har la'asar, ga inuwar katangar wani sito tana kallonsa daga can, taku goma sha biyu kacal.

Da azahar matarsa Mastura, haifaffiyar Jidda, ta kawo ƙullu ta tarar da shi jingine da ƙofar mota yana haki.

"Ya Abu Tani, halas, ya isa haka, ka gangara da motar nan inuwa mana. Wa zai gan ka?"

"Wanda ya ga Musbahu. Kwana biyu ya yi a can, 'yan baladiyya suka ja motarsa har da kaskon."

"To ka nemi takardarsu."

"Ina kan nema," ya ce, ya kau da kai.

Ya nema ɗin kuwa. Suka ce tankin ruwa, ya ɗaura. Gilashin rufe abinci, ya sa. Tukunyar kashe gobara, ga ta nan ja a rataye. Saura abu guda: sabon katin lafiya, da hoton ƙirji. Katin da ke aljihunsa tun kafin tari ya kama shi aka yi, wata bakwai ya rage masa. Ya san abin da hoton zai nuna. Daga nan ba takardar can, ba ta nan, kafili, mai tsaya masa, ba zai sabunta iƙamarsa ta zama a ƙasar ba, sai jirgin Kano, garin da rabonsa da shi shekara talatin. Mastura da 'yarsu Tani kuwa ko hanyarsa ba su sani ba. Sai ya riƙa ɗaure baki da hanci da ƙyalle, wai saboda hayaƙi.

Na same shi na ce, "Haladu, ranar nan cinye ka za ta yi."

Ya yi dariya, ta koma tari. "Baba Usuman, ni ba rana nake tsoro ba. Jirgi nake tsoro."

Wata Alhamis ƙaurin ƙosai ya cika layi. Shekara goma sha shida ba wanda ya taɓa jin ƙosan Haladu ya ƙone. Muka tarar da shi zaune a ƙasa, bayansa jikin taya, ƙyallen ya jiƙe sharkaf. Ni na kama kafaɗunsa, da tsufana, muka tsallaka da shi muka shimfiɗe a gindin katangar.

Ya buɗe ido, ya dubi motar. "Ba ku taɓa ta ba ko?"

"Tana inda take."

"A kashe wutar."

Kafin la'asar ya cika. A Jidda muka binne shi.

Takardar izinin kuwa, da sunansa take, ba a gadonta. Kwana tara motar tana tsaye, Mastura na zuwa tana goge gilashin, kafin a zo a ja ta. Wanda ke ganin ƙari na yi, ya zo Nuzla in kama hannunsa. Man da ya ɗiga shekara da shekaru ya bar baƙin tabo a kwalta, an yi ruwa, an yi shara, yana nan.