Hannun Hagun Mai Burodi

Tun ranar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Mai Burodi a bakin tanderu, gidan burodin ya dawo wuyan matarsa, wadda kowa a layin yake kira Maman 'Yan Biyu. Ba baƙuwar aikin ba ce. Ta san kwaɓi, ta san tashin ƙullu, da ƙamshi kawai takan gane burodi ya gasu. Abin da ba ta sani ba shi ne abin da ke cikin kan mijinta: wane shago ake kai wa da yawa, wanne ake kai wa kaɗan, yaushe ake ƙarawa, yaushe ake ragewa. Shi bai taɓa faɗa wa kowa ba, don bai taɓa zaton akwai ranar da za a nema a rasa ba.

Yanzu kuwa hannunsa na dama ya kwanta a cinya kamar na aro, harshe ya yi nauyi. Da farko takan shiga ɗaki ta tambaye shi. Sai ya buɗe baki, maganar ta harɗe, ya sake gwadawa ta ƙi fita, ransa ya ɓaci ya juya fuska bango. Da ta ga tambayar tana ƙara masa ciwo, sai ta daina. Ta koma yin aikin da ka, yadda Allah ya nufa.

Sai kwantai ya fara. Kullum da yamma Dogo, mai babur ɗin da ke raba musu burodi, zai dawo da akwati cike da wanda bai shiga ba, ya bushe ya yi tauri. Mai kiwon kifi ne ke zuwa ya kwashe a wulaƙance, yana yi yana yatsina kamar shi ake yi wa alfarma. Abin takaicin kuma, a ranar da wannan shago ya dawo da kaya, a ranar wani shagon zai aiko da ƙorafin nasa ya ƙare tun hantsi.

A cikin wannan hali ne ƙanin mijinta, autan gidansu, ya sauka da jakarsa. Kamfanin sufurin da yake yi wa aikin tsara fitar motoci ya rufe, ya ce zai ɗan zauna ya taya jinyar Yayansa kafin Allah ya kawo wani aikin. Jinya kam yana yi, shi ke yi masa wanka, shi ke kai shi gashin ƙashi. Amma da zarar ya gama, sai ya sami benci a ƙofar gidan burodin ya duƙufa a kan waya. Maman 'Yan Biyu ta sa masa suna Danna-danna.

"Danna-danna, in wayar ta haihu a ba ni ɗa ɗaya in riƙe," takan ce in ta wuce shi da tire a ka.

"Anti, mace za a ba ki ko namiji?" shi ma ba ya barin ta kwana.

Wata yamma tana durƙushe tana ware kwantai, ranta a jagule, ya zo ya tsaya a kanta.

"Anti, wannan daga wane shago ya dawo?"

"Ina na sani? Burodi yana da tambarin shago a goshi ne?"

"To jiya fa, daga ina ya dawo?"

"Auta, in ba ka da abin yi, ga tsintsiya can."

Bai ɗauki tsintsiya ba. Wurin Dogo ya nufa, suka daɗe suna magana a gindin babur. Abin da ya roƙe shi ba mai wuya ba ne: duk shagon da ya tsaya, ya danna waya ya aiko da saƙon murya, ya faɗi nawa ya ajiye, manya nawa ƙanana nawa, nawa kuma ya kwaso na jiya. Dogo mutum ne mai son surutu, sai abin ya zo masa daidai. Saƙonsa ba ya tsayawa a kan burodi. Sai ya haɗa da labarin ramin da ya kusa kayar da shi da mai shagon da ya yi sabon aski kamar an yi gobara a kansa. Auta yana dariya yana tsince alƙaluman yana zubawa a wata manhaja, kowane shago da layinsa, kowace rana da gurbinta. Har ruwan sama in an yi sai ya sa alama.

Ita dai tana kallonsu. Da ya nemi ta riƙa gaya masa yawan fulawar da aka kwaɓa kowace safiya, ta ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Yayanka ya riƙe gidan nan shekara da shekaru babu waya."

"Gaskiya ne, Anti. Amma idon Yaya ne ya san kimar. Mu namu sai mun nemi mudu."

Maganar ta ɗan sosa mata rai. Amma daga ranar ta fara gaya masa, a daƙile.

Da aka ɗan kwana biyu, wata ya juya, ya kira ta da rana tsaka lokacin da tanderu ke hucewa. Ta goge hannu a zani ta zauna a gefen bencin. Ya nuna mata wani zane a wayar, layuka masu launi suna hawa suna sauka.

"Wannan jan layin shagon bakin makaranta ne. Kin ga inda yake faɗuwa? Duk ranar da babu makaranta ne. Mu kuma muna kai masa kamar kullum. Wannan shuɗin na tasha ne, a ranakun nan shi yake neman ƙari, mu kuma ba mu da shi, yana can bakin makaranta yana bushewa."

Ta matso da fuska. Ya ja yatsa, wani zanen ya fito.

"Nan kuma manyan burodi ne. Ƙarshen wata suna tafiya kamar ruwa. Da wata ya raba, sai mutane su koma ƙanana. Mu kuwa ba ma canzawa. Ga kuma ranar ruwa: masu shayi suna ninka nasu, shagunan cikin unguwa suna raguwa."

Maman 'Yan Biyu ta sake bin layukan da ido. Babu ko ɗaya a ciki da ya zama mata baƙon labari. Ta san yara ba sa zuwa makaranta kullum, ta san aljihu yana hucewa a tsakiyar wata. Amma ba ta taɓa ganin su jere wuri ɗaya suna nuna ta da yatsa ba.

"Wato mu ne muke kai ruwa rijiya, muna barin randa a bushe," ta ce a hankali.

"Ki ba ni mako ɗaya kawai, mu kwaɓa mu raba yadda layukan nan suka nuna. In bai yi ba, ni da kaina zan ɗauki tsintsiyar."

Gani ya kori ji. Kafin makon ya fita akwatin Dogo ya fara dawowa da sauƙi, har wata rana ya shigo yana kaɗa shi a sama don kowa ya ji babu komai a ciki. Mai kiwon kifi ya zo ya tarar da abin da bai cika leda ba, ya tambaya ko lafiya. Ta ce masa lafiya ce ta kawo haka. Auta ya buɗe wa masu shaguna zauren saƙonni a waya, kowa ya riƙa faɗin abin da yake so tun da yamma. Masu shayi da a da sai sun aiko a ce ya ƙare, suka daina leƙa gidan burodin da ke bayan kasuwa.

Wuri ɗaya suka saɓa. Akwai wata tsohuwa mai ɗan shago a bakin gada, can nesa, wadda layinta a wayar kullum yana kwance a ƙasa. Auta ya ce man da Dogo ke ƙonawa zuwa can ya fi abin da take sayarwa, a cire ta.

"Wannan kam wayarka ta yi ƙarya," in ji Maman 'Yan Biyu. "Lokacin da Yayanka yake yawo da burodi a ka, kowa yana cewa bai san shi ba, ita ta fara karɓa. Ko ɗaya take sayarwa za a kai mata."

"Wayar ba ta san wannan ba, Anti."

"To ka gaya mata."

Ya yi dariya, ya koma ya sake duba taswirar hanyar. Sai ya ga in Dogo ya fara ta tasha ya zagayo ta gada, maimakon ya je ya dawo, tsohuwar tana kan hanya, har ma akwai wasu shaguna biyu a tsakani da ba a taɓa tuntuɓa ba. Aka bar ta, aka kuma sami sababbin abokan ciniki.

Ana cikin wannan daɗi Auta ya sami kira. Wani kamfani a wani gari ya ɗauke shi aiki. Ta yi masa murna da baki, amma a ranta tana tunanin wanda zai riƙe lissafin in ya tafi. Ya zaunar da ita ya koya mata manhajar, sai dai abin ya ƙi zama. Hannunta kullum da fulawa ko mai, tana dannawa ana kiran ta a bakin tanderu, ta dawo ta manta inda ta tsaya. Ran nan ma ta goge alƙaluman yini guda ba ta san yadda aka yi ba. 'Yan biyun kuma suna makarantar kwana. Ta fara hango akwatin Dogo yana sake cika.

Wata azahar ta shiga cikin gida ɗauko makulli, sai ta ji muryar mijinta daga ɗaki, da ƙarfi irin wanda ta daɗe ba ta ji ba.

"A'a! A'a!"

Ta yi ciki da gudu, zaton ta faɗuwa ya yi. Sai ta tarar da shi zaune a kujerarsa, Auta a ƙasa kusa da ƙafarsa riƙe da waya. Auta ya zo yin aikinsa ne a ɗakin don ya taya shi zama, shi kuma ya leƙa ya ga adadin da aka sa wa shagon kusa da asibiti. Yana ta dungurin gilashin da yatsan hagu, fuska a murtuke.

"Ya yi yawa ne, Yaya?"

Ya girgiza kai.

"Ya yi kaɗan?"

Ya gyaɗa, ya yi ta kokawa da harshensa har kalmar ta fito: "Zi... ziyara."

Auta ya dafe kai. Gobe ranar ziyarar marasa lafiya ce, masu dubiya kuwa ba sa shiga hannu rabbana. Ya miƙa masa wayar. "To gyara da kanka."

Mai Burodi ya danna ba daidai ba, ya goge, ya sake. Babu wanda ya taya shi. Da adadin ya zauna, Mai Burodi ya jingina da kujera yana haki kamar wanda ya sauke buhu, ya dubi matarsa. Ita kuwa tana tsaye a bakin ƙofa, ta manta abin da ya kawo ta.

Sauran kwanakin da suka rage wa Auta, a ɗakin nan ya ƙarar da su. Ya zuba manhajar a wayar Yayansa, ya ƙara girman rubutun, ya rage maɓallan suka zama kaɗan kuma manya, ya samo wani ɗan katako da ke riƙe ta a hannun kujera. Ya roƙi Dogo ya riƙa faɗin alƙaluma a farkon saƙo, labarin aski ya biyo baya. Mai Burodi yana saurara da kunne, yana shigarwa da hagu. Abin da harshe ya hana shi faɗa, yatsa ya fara faɗa. Ranar da ya fara jin labarin Dogo ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa.

Bayan tafiyar Auta, da sassafe tana ɗaura ɗankwali wayarta ta yi ƙara. Saƙo ne daga ɗakin da ke kusa da nata: adadin da za a kwaɓa yau. Ta duba, ta ga ya yi mata yawa. Ta shiga ta same shi.

"Maigida, wannan ai ɓarna ce. Tsakiyar wata muke."

Ya ɗaure fuska, ya juyo mata wayar, ya nuna hasashen yanayi: hadari. Ya ja yatsa ya nuna layin masu shayi.

"Hasashe ne fa. In ba a yi ruwan ba, kai za ka cinye?"

"Ke... za ki... ci," ya ce, ɗaya bayan ɗaya, yana hararar ta.

Ta buɗe baki za ta rama, sai ta fasa. Rabon da su yi musu da mutumin nan har ta manta. Ta juya ta fita da sauri don kada ya ga idonta, ta sa aka kwaɓa yadda ya ce. Ruwan bai sauko ba sai bayan la'asar, an kuma sami ɗan kwantai, ta shiga ta nuna masa, ya kau da kai kamar bai gani ba.

Da yammar ta kira Auta. Ta tambaye shi wurin aiki, ta tambaye shi masauki, ta yi ta kewaye-kewaye. Can ta ce, "Auta, ni ban san da wane baki zan gode maka ba. Kasuwa ka gyara min na ce ka gama min komai, ashe da saura. Yau Yayanka ya yi min faɗa."

"Faɗa? Alhamdu lillahi! Wa ya yi nasara?"

"Kai dai bari. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka kamar yadda ka yi mana."

Ta ji yana jan hanci, sannan ya ce, "Amin, Anti. Ba shi wayar mu gaisa."

Ta kai masa, ta kara masa a kunne, ta zauna a bakin gado tana sauraron yadda yake haɗa kalmomi a hankali, yana kai wa ƙaninsa ƙararta.