Turaren da Ya Tayar wa Fiddausi da Zuciya

Mijinta Kamilu ne ya kawo mata turaren daga Sakkwato, wata rana da ya kai albasa kasuwa. Kwalba ce 'yar gajeruwa, ruwan cikinta kamar zuma. Da an fesa sai ka ji kamar an yanka nunannen mangwaro an matse lemo a kai. In ya jima a jiki kuma zaƙin ya kwanta, ya bar wani ƙamshi mai nauyi irin na itacen sandal a kan garwashi. Fiddausi ta so shi ƙwarai. Malaman firamaren da take koyarwa a Bodinga kan san ta iso tun kafin ta yi sallama.

Ranar Asabar ɗin da za ta je sunan jikan yayarta Balaraba a Shagari, ta gama shiri, ta fesa shi a wuya da riga kamar kullum. Nan take cikinta ya juya. Ƙamshin ya koma mata kamar na mangwaron da ya ruɓe a gindin kwando. Da ƙyar ta kai bayan ɗaki.

Tana durƙushe tana kurkure baki, ta gane wannan alama. Sau biyu tana samun ciki, na fari warin daddawa ne ya fara sanar da ita, na biyu suyar albasa. Dukansu sun zube a wata na huɗu.

A cikin bas ɗin Shagari an matse ta kusa da taga, ga zafi, ga turaren ya kama rigarta ya ƙi saki. Matar da ke gefenta ta ce, "Baiwar Allah, wanga turare naki da daɗi shike. Ina kis samo shi?"

Fiddausi ta toshe baki da hannu. Ta roƙi direba ya tsaya, ta sauka ta yi amai a bakin wata gonar gero, fasinjoji na yi mata sannu ta taga.

Balaraba na ganinta ta ja ta ɗaki, ta bar matan biki suna ta guɗa a tsakar gida. Ta ba ta ruwa, ta ƙura mata ido.

"Yaushe rabonki da al'ada?"

"Yaya, don Allah kak ki yi min barka."

Balaraba ta zauna a bakin gado. "Kamilu ya sani?"

"Ni ma yau nis sani. Kuma ba ni son ya ji." Fiddausi ta ajiye kofin ruwan. "Wancan karon tun da wuri yas sayo ragon suna yaɗ ɗaure. Da abin ya lalace, bayan rumbun albasa nit tarar da shi shina kuka, shina share ido da hula. Ba ni iya sake ganin haka."

"To ke kaɗai za ki ɗauki tsoron? Nashi ne shi ma, ko ya zamna ko bai zamna ba. Kuma wanga karon asibiti za ki tun da wuri, ba sai kin ga jini ba."

Fiddausi ta yi wanka ta sa kayan yayarta. Ba ta fita wajen taron ba. Ta kwanta tana jin kukan jaririn daga ɗakin da ke kusa, ta rasa ko daɗi take ji ko wani abu dabam.

Da ta koma gida, Kamilu ya ga atamfar da bai sani ba, ya tambaya. Ta so ta ce miya ce ta zube mata, amma bakinta ya ƙi. Ta ce, "Maigida, turaren nan naka ya sa ni amai yau."

Ya daɗe yana kallonta. Bai yi murmushi ba. Ya tashi ya ɗauko kwalbar, ya naɗe ta a leda ya fita da ita zaure, sannan ya dawo ya zauna kusa da ita.

"Litinin mu tahi Sakkwato," ya ce.

Likitar da ta duba ta ta ce bakin mahaifarta ne ke saurin buɗewa. Aka yi mata ɗinki, aka hana ta tsayuwa mai tsawo da ɗaukar kaya. Ta ɗauki hutu a makaranta. Kamilu ya koma shi ke ja mata ruwa a rijiya kafin ya fita gona.

Wata na huɗu ya zo ya wuce, na biyar ya kama, amma tsoron bai bar ta ba. Kowace safiya sai ta duba zanenta kafin ta sauko daga gado. Ranar da ta fara jin motsi a cikinta tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa. Ta ture faifan, ta dafa wurin, ta kira Kamilu a hankali. Kafin ya iso motsin ya tsaya. Ya durƙusa ya ɗora hannu, suna jiran ya sake motsawa.