Kafin Wuƙa Ta Iso

Tahirou ya haura hamsin bai mallaki ko taƙi ɗaya na ƙasar Amurka ba, amma akwai wata garka a Pleasant Garden da yake kira tasa idan babu mai ji. Filin na wata tsohuwar Baturiya ne, Mis Angelina, wadda mijinta ya mutu ya bar mata babban gida, da kurmi a baya, da 'ya'ya masu bugo waya ranar Kirsimeti. Ita ta ba shi aron bayan gidan. Can yake shuka yakuwa da kuɓewa da gauta, in sanyi ya matso ya dasa kabeji. Ranakun aiki yana ɗaga kwalaye a wani sito kusa da filin jirgi, inda ba wanda ya iya faɗin sunansa. Ran Asabar ne yake komawa mutum.

Sai dai ba shi kaɗai ke son garkar ba. Akwai wata dabba mai kama da gafiya, ta fi ta ƙiba da rashin kunya, tana haƙa rami tana cinye tsiro tun yana jariri. Abin da ta rage, bareyi su fito daga kurmi su ƙarasa. Har furannin wardin tsohuwar ba su bari ba, kuma wannan ne ya sa ta yarda a shigo da bindiga filinta, bisa sharaɗi.

Ta tsaya a bakin baranda da sandarta ta nuna masa shingen waya da ke ƙarshen filin. Kafin shi, in ji ta, wani ya taɓa harbin barewa a nan. Ta gudu da ƙafa uku, ta tsallaka gidan maƙwabci, ta mutu a gindin lilon yara. Har 'yan sanda suka zo.

"Harbi ɗaya, ta faɗi inda take," ta ce. "In ta tsallaka shingen can da jini, kai ma ka tsallaka nawa, kada ka dawo. Ka ji ni, Mista Ti?"

Ya ji. Ya yi kwas ɗin farauta, ya karɓi lasin. Saura bindiga, guda ɗaya, wadda za ta yi wa gafiya ta kuma yi wa barewa. Don haka ya ɗauki Choji, abokin aikinsa, mutumin Jos, dattijon coci, wanda ya daɗe yana farauta a ƙasar nan kuma ba ya barin kowa ya manta.

A shagon bindigogi mai sayarwa ya duba katin Tahirou, ya duba hularsa, ya sake duba katin. Shekarun nan haka ake duban mai irin sunansa. Tahirou ya yi murmushin da ya tanada don irin wannan wuri. Choji kuwa ko a jikinsa. Ya sa aka jera harsashi uku a kan teburin gilashi, gajeru duka, tsawonsu bai wuce yatsa ba.

"Duk na gajeriyar bindiga ne, short action," ya ce. "Ba nauyi, kuma in ka ja makullin baya, ɗan ja kaɗan ne wani ya hau. Wannan ƙaramin, 223, na gafiya ne. Wannan mai ƙaton kai, 308, barewa ba ta gardama da shi, amma in ka harbi gafiya sai ka tattara ta da cokali, kafaɗarka kuma ta yi kwana biyu tana zaginka. Na tsakiyan nan, 243, shi ne naka. Ka sa mai kai marar nauyi ka kashe gafiya, ka sa mai nauyi ka kayar da barewa. Magana ta ƙare, mu je mu ci abinci."

Tahirou ya ɗauki ƙaramin yana juya shi. "Bon. Wannan kartush ɗin, in ya sami barewa fa?"

"Sai ta yi maka godiya ta gudu."

"Amma ba za ta mutu nan take ba."

"Abin da nake gaya maka ke nan, Malam."

"To shi nake so."

Choji ya cire tabarau ya dube shi. "Kai mutumin Nijar, rana ce ta taɓa ka tun kana yaro, ko me? Kowa na neman abin da zai kashe, kai kana neman abin da zai ji ciwo?"

Tahirou ya rage murya, don mai shagon ya fara kasa kunne ga yaren da bai sani ba. Ya ce mahaifinsa maharbi ne a dajin Dakoro, kuma a gidansu ba a taɓa cin abin da wuƙa ba ta same shi yana motsi ba. In ka iso ka tarar ido ya tsaya, mushe ne, na karnuka. Yana son harsashin da zai kwantar da ita ya bar masa ranta har ya iso.

"Da waɗannan gwiwoyin naka?" in ji Choji. "Kafin ka iso tana Sedgefield tana kallon masu buga golf. Ƙaramin nan fashewa yake a fata, bai shiga ciki. Ka manta abin da tsohuwa ta ce?"

Bai manta ba. Shi ya sa bai sayi komai ba ranar.

Bayan sallar Juma'a ya tare Malam Maazou a wajen takalma. Malamin ya ce abin a fili yake a littattafai: in ka yi bismilla lokacin harbi, harsashi ya huda ya zubar da jini, ka ci ko da ka tarar ta mutu. In ka same ta da rai ne yanka ya zama dole. Tahirou ya yi godiya. Ya san malamin ya fi mahaifinsa karatu nesa ba kusa ba. Amma ba malamin ne ya riƙe masa hannu a kan wuƙa yana ɗan yaro ba, kuma cikinsa bai je makaranta ba.

Ya koma ya sayi 243, da kwali biyu na harsashi, marar nauyi da mai nauyi. Gafiyoyin suka ƙare kafin yakuwa ta yi ja. Ya ga abin da marar nauyin yake yi musu, kuma duk lokacin da ya gani sai ya yi lissafin da bai gaya wa Choji ba: a jikin barewa, in an sa shi a ƙugu, zai karya ta ne kawai. Za ta zauna ta jira shi. Wataƙila. Ko kuma ta ja jiki da ƙafafun gaba, shingen kuma ba nisa.

Lokacin harbin barewa ya buɗe a Nuwamba. Matarsa Oumou ta wasa masa wuƙa da kanta, ta naɗe a tsumma.

"Baban Dalila, ka dai san ba na dafa mushe," ta ce.

"Wa ya ce miki mushe zan kawo?"

"Ba wanda ya ce. Fuskarka ce ba ta yi mini ba."

Gari na wayewa suna zaune shi da Choji a bayan tarin itace, kowa da hula mai ruwan lemo a ka kamar masu gyaran titi. Raɓa ta daskare a kan kabeji. Daga nan ana ganin komai: kurmi a hagu, shingen maƙwabci a dama da jan lilon yara a bayansa, can baya kuma tagar kicin ɗin Mis Angelina, da wuta a kunne. Ta tashi. Tsofaffi ba sa barci idan akwai abin da za su kama wani da shi.

Harsashi mai nauyin yana aljihun dama, marar nauyin yana na hagu. Bindigar ba komai a cikinta.

"Ka ɗura mana," Choji ya raɗa.

"Saura kaɗan."

"Jira kake barewa ta aiko maka da takardar gayyata?"

Barewar ta fito daga kurmi ba ƙara, mace, babba, tana ɗaga ƙafa kamar mai tsoron ɓata takalmi. Ta tsaya a layin kabeji na ƙarshe. Tsakaninta da shingen, gudu kaɗan ne. Tahirou ya gyara riƙon bindigar. Hannunsa na hagu ya shiga aljihu da kansa, ya taɓa sanyin ƙarfen. Ya tuna mahaifinsa yana tsugune a kan gadar da ya harbo, yana duban idonta kafin ya ce a kawo wuƙa. Ya dubi lilon. Ya dubi ƙasar da ya yi shekaru yana zuba mata taki har ta yi baƙi, ƙasar da ta san tafin ƙafarsa, ita kaɗai a duk faɗin jihar nan.

Ya fitar da hannun hagu wayam. Ya ɗauko na dama, ya tura makullin a hankali, ya sa gicciyen madubin bindigar a bayan kafaɗarta kamar yadda Choji ya koya masa.

"Bismillahi, Allahu akbar."

Ƙarar ta daki kurmi ta dawo. Barewar ta durƙusa a inda take, kamar an yanke igiyar da ke riƙe da ita.

Ya ajiye bindigar ya zabura da wuƙa. Ya tattake kabejin da ya dasa da hannunsa, gwiwa na ƙara, hular lemo ta faɗi. Ya iso yana haki, ya juya wuyanta gabas, ya yanka. Jini ya zo, amma a hankali, ba tsartuwa. Idon a buɗe yake, yana kallon sama, ba ruwansa da kowa.

Choji ya iso yana tafe abinsa. "Harbi ke nan! Ko ni sai haka."

"Kunnenta ya motsa," in ji Tahirou. "Da na iso. Ka gani?"

Choji ya dubi kunnen, ya dubi abokinsa. Akwai iska kaɗan a safiyar. "Ni ina nesa, Malam," ya ce. "Kuma ka san idona."

Ƙofar baranda ta buɗe. Mis Angelina ta fito cikin rigar sanyin mijinta, ta dubi barewar, ta dubi shingen, ta daɗe tana auna tsakaninsu.

"Bazara in ta zo, ka ƙara da wancan gefen," ta ɗaga murya. "Har bakin bishiyar can. Ciyawa ce kawai ke cinsa."

Ya ɗaga mata hannu, da wuƙar a ciki, sannan ya tuna ya sauke.

Cinya ɗaya ta tafi gidan Choji, ɗaya aka kai wa Malam Maazou, wanda ya karɓa da murna ya sa albarka. Oumou ta tsaya a kan sauran a kicin, hannu a ƙugu.

"Ka same ta da rai?"

"Na yi bismilla. Malam ya ce ya halatta."

Ta dube shi, ta ɗauko tukunya. Ta dafa da yakuwar garkar, gidan ya cika da ƙamshi, Dalila ta ƙara har sau biyu tana yabo da Turanci. Tahirou ya ja kwanonsa, ya ture naman gefe da bayan cokali, ya ci shinkafa da ganye.

"Yakuwar bana ta yi kyau," ya ce. "Baɗi za mu ƙara fili."