Tuwon Sadakar Alhusaini

Mairamu ta dire kwanon a bakin ƙofar Zalika, ko murfinsa ba a ɗaga ba.

"Ga tuwonki. Ba mu ci."

"Mi yas samu tuwon?" in ji Zalika.

"Ke kin sani. Jiya kinka yi magana, yau munka kai shi kushewa. Wanga abu ba banza ba."

Ta juya ta koma gidan makoki. Mairamu ƙanwar mamacin ce, Alhusaini, da hantsi ta iso daga Buza, amma kafin ta cire takalmi an riga an cika mata kunne.

Katanga ɗaya ta raba Zalika da Alhusaini tun tana amarya. Indararon soronsa kuwa a gindin katangarta yake zuba, kowace damina ruwa ya ci ƙasar, ita ta kwaɓa ta yaɓe. Da an yi ruwan fari sai ta fito ta riƙe ƙugu.

"Alhusaini! In ba ka kauda indararon ga ba, ba ka ganin kaka!"

Shi kuma ya leƙo da goro a kumatu yana dariya. "To maƙwabciya, ki shirya tuwon sadakata. Ki sa man shanu da yawa, kar ki yi mini rowa."

Shekara da shekaru haka suke, har yaran unguwa sun haddace suna kwaikwayo. Jiya ma haka aka yi. Yau da safe sai ga shi ya jingina tsani, ya kwaɓa ƙasa, wai bana zai kauda indararon ya raba gardama. Bai kai rabin tsanin ba ya sauko a hankali, ya zauna a gindin bango ya ce wa matarsa, "Cima, ba ni ruwa." Kafin ta kawo moɗa ya cika.

To, a garin nan tsoho ba ya mutuwa don kwanansa ya ƙare, sai an samo wanda ya tura shi. Kafin a gama wanka an tono kakan Zalika, wanda aka ce yana yanka a gindin dutse tun kafin a haife ta. Matan da ta yi wa unguwarzoma, waɗanda suka sha kununta na jego, su ne yau ke jan 'ya'yansu in ta gifta. Abin ya ƙona mata rai. Ta san in tuwon nan ya kwana a gidanta, sunan mayya ya zauna mata ke nan har ta mutu, jikokinta su gada.

Ta sunkuci kwanon, ko mayafi ba ta gyara ba, ta faɗa gidan. Tsakar gida cike da mata. Tsanin na nan jingine, ƙasar da ya kwaɓa ta fara bushewa.

"Wa ac cikinku bai taɓa jin na hwaɗi maganag ga ba?" Muryarta ta fashe. "Bara na hwaɗa. Bara waccan na hwaɗa. Kuna dariya! Yau ni ka kashe mutane?"

"To don mi sai bana?" Mairamu ta miƙe. "Jiya magana, yau gawa. Haka kawai?"

"Mairamu, zamna."

Cima ce, daga ƙofar ɗaki inda take zaune a tabarma, idonta a kumbure. Tun safe ba a ji bakinta ba.

"Tun rani maigida shike dahe ƙirji in ya yi tahiya. Nac ce mu je likita can garin Keita, yac ce sai an gama shibka. Ke kina Buza, ba ki gani ba. In da bakin Zalika na kisa, da ban tsuhwa da miji ba." Ta miƙa hannu. "Kawo kwanon. Shi yab biɗi tuwon ga da bakinai."

Zalika ta durƙusa ta ajiye. Cima ta ɗaga murfi. Man shanu ya kwanta a kan miyar kuka har ya rufe ta, ƙamshi ya cika wurin. Ta dubi man.

"Ba ki yi mishi rowa ba," ta ce.

Ta yi bisimilla ta gutsura, ta kai baki, hawaye na zuba. Ta ƙara. Ba wadda ta matso ta sa hannu, Mairamu ma ta kau da kai. Cima ba ta kira kowa ba, ita kaɗai ta ci gaba da ci.

Gab da magariba hadari ya taso daga gabas. Zalika na kwashe shanya ruwan ya sauko, indararon ya fara zuba a gindin katangarta kamar kullum. Hannunta ya kai ƙugu kafin ta ankara. Ta tsaya a haka tana jiƙewa, tana kallon kan katangar inda yake leƙowa.