Tsatsa a Bakin Bindigar Aulis

Aulis ya kai hannu zai murɗe bututun rage ƙarar da ke bakin bindigarsa, Raili mai kula da jarrabawar harbi ta tare shi. Ta ce ya fara zare harsashi ya buɗe bindigar tukuna, sannan ya bar bututun ya huce, in ba so yake fatar hannunsa ta tafi da shi ba.

Harbi takwas ke nan, zagaye biyu, kuma kowane zagaye sai biyu sun fita daga da'irar. Ga shi yau ce jarrabawar ƙarshe a garin kafin buɗe farautar barewa. Wanda bai samu takardar shaidar cin jarrabawar ba ba zai riƙe bindiga bana ba, sai dai ya bi karnuka yana koro wa wasu dabba. Aulis kuwa shekara arba'in da ɗaya yana harbi a ƙungiyar mafarautan garin.

Tarmo, abokinsa tun na firamare, yana kan benci da kofinsa da tsiran alade a tsinke. "Tsoho, ido ne ya tafi, ka daina ɗora wa iska laifi."

Aulis ya koma kan bindigarsa. Da bututun ya huce ya murɗa, ya ƙi motsi. Sai da Tarmo ya ajiye kofi suka kama su biyu, da ƙyar ya saki. Abin ba kyan gani. Bakin bindigar ya yi jawur, tsatsa ta cinye gefe guda.

Raili ta tambaye shi yaushe rabon da ya cire shi. Ya ce tun kakar bara. Haka ya jingine bindigar a kabad, baki sama, bututun na kanta. Ai mai shagon da ya sayar masa da bututun da bakinsa ya ce na ƙarfen titaniyom ne, ba ya tsatsa.

Raili ta ce, "Gaskiya ya faɗa maka, Baba Aulis. Dubi bututun, ko tabo babu. Amma danshin hayaƙi a cikinsa yake taruwa, ya riƙa gangarowa cikin bindiga."

Ta ce duk dawowa daga daji cire shi ake yi, a bar shi ya bushe daban, a goge inda ake murɗawa a ɗan shafa mai. Maƙerin bindiga zai iya yanke wurin da ya lalace, amma a wannan watan layinsa ya kai mako uku.

Kunya ta kama Aulis, har da baƙin ciki. Shi da ke yi wa sababbin shiga faɗa kan goge bindiga, yau yarinyar da aka yi bikin sunanta a gabansa ce ke koya masa.

Saura mutum biyu a tashi. Tarmo ya ɗauko tasa bindigar ya ajiye a kan tebur, ko kallon Aulis bai yi ba. Ita ce dai mai gindin roba da Aulis ya shekara goma yana kira kayan wasan yara, a gaban kowa, a kowace walimar farauta.

Aulis ya daɗe yana kallonta. Raili ta duba agogo ta ce minti biyar ya rage.

Ya ɗauka, ya zauna, ya saita. Harbi huɗu, a natse. Da aka kawo takardar da'irar da ya harba, ramukan duka huɗu suna tsakiya, tafin hannu ɗaya ya rufe su. Ko lokacin da tasa take da lafiya bai taɓa yin irin wannan ba, kuma duk wanda ke wurin ya sani.

Raili ta sa hannu a takardar shaidar ta miƙa masa, ta ce takarda ba ta faɗin bindigar wa aka yi harbi da ita.

Tarmo ya karɓi abarsa, ya naɗe ƙyalle a hannu ya cire bututun da ke bakinta, yana shirin sa ta a jaka.

"To, ni zan ba 'yan ƙungiya labari, ko kai?"

Aulis ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Ni zan faɗa," ya ce. "Amma ka ba ni zuwa Litinin."