Agogon da Ya Tsaya a Shekarar Makka

"Ba za a buɗe ta ba, na ce. Ko Malam bai taɓa farke mata ciki ba."

"Haba Inna! Farkewa kuma, sai ka ce ragon layya?"

Zakiyya ta gyara jaririyar a kafaɗarta, ta dubi tsohuwar ordinatar mahaifinta marigayi, wato kwamfutarsa, kamar ta yi kuka. Gida ta zo wankan jego, nan cikin Birni, shekaranjiya kuma salularta ta sulale cikin tukunyar ruwan wanka ta dahu. Mijinta Faruk yana can sahara wajen aikin man fetur, inda ba a samun rezo na waya sai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na ɗan lokaci. Har yau bai ga fuskar ƴarsa ba. Yau ce Juma'a, ga shi har an soma huɗuba.

Akwatin intanet na maƙwabta da ta aro yana aiki sarai. Ordinatar ce ta kafe. Kowane shafi ta nema, sai ekran ya rubuto mata da Faransanci cewa agogonta yana baya. Baya kuwa ba kaɗan ba, a 2013 yake zaune. Ta gyara da safe, aka ɗauke wuta, da aka dawo da ita ya koma inda ya fito. Ta sake gyarawa, aka sake ɗaukewa.

"Shekarar da ya sayo ta ke nan, shekarar da muka je Makka tare," in ji Inna Habiba, muryarta ta yi ƙasa. "Tun da ya rasu can take komawa. Ƙarfe ma ya san mai shi. Ki bar ta da juyayinta."

Maganar ta soki Zakiyya a ƙirji. Ta ɗaga kai don kada hawaye ya zubo, idonta ya sauka kan agogon bango, wanda ya yi wata biyu a tsaye don an rasa mai sa masa pil, wato batir. Sai wani tunani ya faɗo mata. To wannan fa, in babu wuta, me ke riƙe mata lokaci?

"Inna, ba juyayi take ba. Yunwa take ji. Riƙe mini ƴar nan."

Ba ta jira amsa ba ta ɗora mata jikar a cinya, ta san hannun da ke riƙe da jinjiri ba ya hana komai. Ta zare waya daga bango, ta kwance kusoshi da bakin wuƙar yanka albasa. Ƙura ta tashi, wani gizo-gizo ya arce. Can tsakiyar koren allon ta hango shi, ɗan ƙaramin pil, fari, zagayayye, kamar maɓallin riga. Ta san wannan fuskar! Irinsa ne cikin na'urar awon sukarin Inna, akwai ma sabo da lokotoro ya haɗo mata da shi a kwali daga asibiti. Ta jawo kwalin, Inna ta zaro ido.

"Nawa za ki ɗauka? Ja'ira, yau har da sata a jego!"

"Aro ne, Hajiya."

Ta danne ɗan ƙarfen da farce, tsohon ya yi tsalle ya fito, sabon ya zauna ɗas. Ta rufe, ta kunna, ta saita rana da shekara. Kamar da gayya, wuta ta sake ɗaukewa. Jaririya ta shiga tsotson hannunta. Daga waje aka fara jin takun masu dawowa daga masallaci.

Fanka ta motsa. Zakiyya ta danna, ta leƙa ƙasan ekran. Yau ce. Ranar yau, shekarar bana!

Guɗar da ta rangaɗa sai da tantabaru suka watse daga kan soro. Shafin ya buɗe, kira ya shiga, ga Faruk nan ya yi baƙi ya rame, yana matso da fuska. Inna ta miƙa jaririyar da sauri, ta ja lulluɓi ta fake bayan ƙofa don kunyar suruki, amma ba ta fita ba.

Zakiyya ta ɗaga ƴar gaban kamara. Yarinyar ta yamutsa fuska, ta yi hamma, hamma irin ta ubanta sak. Faruk ya ƙura mata ido. Ya goge ido da rawaninsa, ya juya ga abokan aikinsa da ke layi a bayansa.

"Ku shaida," ya ce da ƙarfi, "gobe zan nemi konje, in samu hutu in je gida. Ba za a yi arba'in ɗin nan ba ni ba!"